Shekarar da Baffana Ya Rame

Shekarun baya, tun kafin ku san ni, kafin littafi da bidiyoyin nan da kuke gani ina tsalle-tsalle ina roƙonku ku rage sukari, na taɓa komawa ƙauyenmu da jaka ɗaya da ƙarafuna biyu na ɗagawa. Gidan motsa jikin da nake koyarwa a Kano ne aka rufe. Shekarun nan ne da man fetur ya yi tashin gwauron zabo, abinci ya rufa masa baya, kuma wanda bai ci ya ƙoshi ba ai ba zai biya kuɗi a sa shi gumi ba. Maigidan ya sayar da injinan, ya ce kowa ya kama gabansa. Na kama nawa, sai ga ni a tasha ina neman motar Ɗambatta.

Ƙauyenmu ba a dunƙule yake ba. Gidaje ne a warwatse cikin gonaki, gonar wannan ta ƙare a bayan katangar wancan, idan gero ya tashi da damina sai ka ji muryar mutum ba ka ga mai ita ba. Kowa ya san kowa, kowa kuma ya san abin da kowa ya ci jiya. Washegarin zuwana ina ɗaga ƙarfe a ƙofar gida, wani tsoho da zai wuce gona ya tsaya ya dafa fartanya yana kallona. Can ya ce, "Yaro, ƙarfen nan in ka ɗaga shi, ina kake kai shi?"

Na ce, "Ajiyewa nake, Baba."

Ya ce, "To me ya sa ka ɗaga?"

Wallahi har yau ban samo amsar da za ta gamsar da tsohon nan ba. Daga ranar na koma ɗaga ƙarfena a cikin ɗaki.

A gidan Baffana na sauka, ƙanin mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarami. Mahaifina hawan jini ne ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye, ya daɗe a kwance kafin Allah ya karɓi abinsa. Baffa ɗan kasuwar hatsi ne, yana da rumbuna da shago da tsohuwar a-kori-kura da take kai masa kaya kasuwa. Yana kuma da tumbi. Jama'a, tumbi nake gaya muku. Idan zai shigo zaure tumbin ne yake fara yin sallama. Mutanen garinmu suna alfahari da tumbin nan kamar nasu ne, in suna musu da 'yan wani ƙauye sai ka ji sun ce, "Ku kuna da mutum irin Alhajinmu?" A wurinmu ƙiba shaida ce ta rufin asiri, kuma Baffa ba marowaci ba ne. Duk wanda abu ya ƙure masa yakan zo zaurensa ya zauna ya yi ta gaisuwa ba ƙarewa, Baffa ya gane, ya sa a auno masa gero a buhu ba tare da kowa ya ambaci komai ba.

Wata ranar kasuwa ya dawo da wuri, fuska ba walwala. Ya kira ni cikin shago ya tura ƙyaure. Ashe jiri ne ya ɗebe shi a kasuwa, direbansa ya kai shi asibiti, likita ya auna shi ya riƙe baki. Hawan jini ga shi, ciwon suga ga shi. Ya ba shi magani, ya kuma gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa in bai rage ci ya riƙa tafiya a ƙasa ba, hanyar da yayansa ya bi ita zai bi.

Baffa ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, ni na riƙa juya mahaifinka a kan tabarma. Ba na son a juya ni. Wannan aikin banzan da kake yi a birni, ashe yana da rana?"

Na ce, "Yana da ita, Baffa."

Ya ce, "To ga ni. Amma da sharaɗi. Daga ni sai kai sai Hajiya. Ka rantse."

Na ce ai ciwo ba abin kunya ba ne. Sai ya harare ni. "Kai ba ka da ido ne? Rumbunan mutane sun yi ƙasa, sabon hatsi bai zo ba, akwai gidan da sau ɗaya ake ɗora tukunya. Ni kuma in fito in ce musu ƙoshi ne yake damuna? Da wane bakin? Rantse!"

Na rantse. A raina kuwa murna nake, don tunda na dawo ba wanda ya ɗauke ni mai sana'a, yau ga ɗalibi har gida, ɗalibin ma mafi girman tumbi a gundumar.

Muka fara. Na soke shayi mai kauri da sukari cokali ba adadi, na soke lemon kwalba, na rage tuwon dare ya koma ɗan malmala ɗaya, man shanu kuwa na ce sai dai ya ji ƙamshinsa a maƙwabta. A madadinsu na kawo kwaɗon zogale da na rama, da ɗan ƙuli-ƙuli kaɗan. Ranar farko da aka ajiye masa kwanon, ya buɗe ya rufe, ya sake buɗewa ko zai ga ya canza.

Ya ce, "Rama? Ni?"

Na ce, "A birni masu kuɗi nemanta suke, Baffa."

Ya ce, "Shi ya sa birnin ya kore ka."

Hajiya, matarsa, ita ta fi shi tayar da ƙayar baya. Ta ji maganar likita, ta yi kuka, amma da ta ga kwanon sai ta ce, "Yanzu fisabilillahi in ya rame wa za a zaga? Ni za a ce na daina girki." Sau da yawa ina ɗaga malmalar tuwo sai in tarar da man shanu kwance a ƙasanta, an binne shi. In na yi magana ta ce, "Likitan ƙarfe, hannuna ne ya zame." Baffa kuma ya yi ta kallon rufin ɗaki kamar ba da shi ake ba.

Tafiya ita ce babbar rigima. A garinmu babban mutum ba ya tafiya haka kawai. In an gan ka a ƙasa, to gona za ka, ko gaisuwar mutuwa, ko biki, kuma dole duk wanda ka gamu da shi ya tambaye ka ina zuwa. Mutum ya ce "babu, tafiya kawai nake", ai sai a fara nema masa rubutun sha. Saboda haka da an sallame Asuba sai mu sulale ta bayan gida mu bi burtali, gero ya rufe mu hagu da dama. Ni a gaba, Baffa a baya da babbar riga, don ya ce ko mutuwa zai yi ba zai sa wandon roba irin nawa ba. Yana tafe yana haki yana tsine wa wanda ya ƙirƙiro sukari. In muka ji motsin mutum sai ya faɗa cikin geron wani ya duƙa, ni kuma in tsaya ina miƙa kamar ni kaɗai ne. Ku yi tunanin mutum mai girman Baffa ya ɓuya a bayan karan gero. Karan ne ma yake ɓuya a bayansa.

Abin mamaki, aiki ya fara ci. Kafin marka ta kankama haki ya ragu, barci ya daidaita, ƙafafun da suke kumbura suka saɓe. Tsohon sikelin gyaɗa da ke shago shi muke hawa a asirce, yana kuma ba mu labari mai daɗi. Tazugen wandonsa ya yi tsawo har sai ya naɗe shi sau biyu. Wuyansa ya fito. Ni ban taɓa sanin Baffa yana da wuya ba sai shekarar.

Ni ina can ina jin kaina, ashe gari ya ɗauka. Mu muna ganin mun ɓuya, su kuwa ba abin da ya wuce su, sai dai fassarar da suka yi masa daban. An ga Alhaji yana tafiya a ƙasa da sassafe ga mota a ajiye, wato ba kuɗin mai. An ga yana ɓuya a gero in ya hango mutane, wato kunya ce ta kama shi. A kasuwa mai tsire ya kawo masa kamar kullum ya ce a'a, mai lemo ya kawo ya ce a ba shi ruwa. Sannan wata maƙwabciya ta shigo aron rariya ta tarar da shi zaune da kwanon kwaɗon rama. Shi ke nan, magana ta ƙare. Rama abincin da ake ci ne in babu ta kai babu, ga ta a gaban Alhaji, ga Alhaji ya rame. Kafin la'asar ko'ina an ji cewa tsadar nan ta karya Alhaji, rumbunan nan fanko ne, yana dai rufa wa kansa asiri.

Ba wanda ya ce mana uffan. Gaisuwa ce kawai ta canza. Da "Alhaji, barka da hutawa" ake cewa, sai ta koma "Alhaji, sannu. Sannu ka ji. Komai na duniya mai wucewa ne." Baffa ya ce da ni, "Ka ga mutanen nan, wa'azi ya shige su bana." Masu zuwa zaure su yi doguwar gaisuwa kuma suka ɗauke ƙafa ɗif. Baffa ya lura, ya ce alhamdulillahi, da alama sauƙi ya fara samuwa a gari.

Sai kwanuka suka fara zuwa.

Kun san ciyayya, yadda in magariba ta gabato kwano yake fita daga wannan gida ya shiga wancan. A shekarar ta yi sanyi, don wanda bai ishi kansa ba me zai aika, kuma tun asali daga gidan Baffa kwanukan suka fi fita. Rana ɗaya sai ga su suna shigowa. Yau dambu, gobe ɗanwake yana ninƙaya a mai, jibi fura an dama ta da nono an zuba sukari har cokali yana tsayawa. Kuma masu su ba aikowa suke ba, magidanta ne da kansu suke riƙo abinsu. Shugabansu aminin Baffa ne, wani manomi siriri mai gona ɗaya, tare suka yi makarantar allo, shi kaɗai ne a garin yake iya ce wa Baffa "kai". Zai ajiye kwano ya zauna ya naɗe ƙafa ya ce, "Bismillah. Ba na son a kai cikin gida, kai nake so ka ci ina gani."

Kwanon ciyayya kuwa ba a mayar da shi yadda ya zo, cin fuska ne. Baffa ya dube ni ta wutsiyar ido, ya wanke hannu.

Na ce, "Baffa, ai yanzu ka ci abinci."

Aminin ya ce, "Mun san abin da ya ci. Kai yi mana shiru, mai ɗaga ƙarfe."

Baffa ya kai loma, ya lumshe ido. Na rantse muku har da ƙwalla. Aminin ya ɗauka ƙwallar godiya ce, shi ma ya share ido da bakin riga. Ni na san ƙwallar man shanu ce, an daɗe ba a haɗu ba.

Bayan sun tafi na ce, "Baffa, wannan fa rushe aikinmu ne."

Ya ce, "Al'ada ce, ɗan nan. So kake a ce na yi girman kai? Ni ma ba a son raina nake ci ba." Yana faɗa yana suɗe yatsa.

Hajiya kuwa bakinta har kunne. Ta ce ai ga shi nan, gari gaba ɗaya ya goyi bayanta. Haka aka yi ta yi. Da safe in fitar da abu a burtali, da yamma gari ya mayar da shi da riba. Sikeli ya fara juya mana baya. Tazuge ya koma naɗi ɗaya. Na rasa yadda zan yi, ga rantsuwa ta ɗaure min baki, ga mutum yana komawa inda likita ya ce kada ya koma. Dariya nake ba ku yanzu, amma a lokacin tsoro ne fal cikina, don duk sanda na ga yana haki fuskar mahaifina nake gani.

Ranar da abin ya kai maƙura, aminin ya shigo da samira a rufe, ya buɗe, farfesun kaza ne, mai ya taso ya rufe romon. A shekarar nan kaza sai suna ko babban baƙo. Baffa ya cinye tas, har ƙashi ya tauna. Washegari da hantsi na ce ba zan iya ba, na bi ta cikin gonaki na tafi gidan aminin, niyyata in roƙe shi ya sassauta ba tare da na karya rantsuwa ba.

Na same shi a gindin bishiya shi da iyalinsa sun kewaye kwano ɗaya. Tafasa ce aka dafa, ba ƙuli, ba mai, gishiri kawai. Akurkin kaji yana gefe a buɗe, ba ko ɗaya a ciki. Ya yi sauri ya tura kwanon bayansa, ya taso ya ja ni gefe.

Na ce, "Baba, kazar jiya..."

Ya ce, "Ta daina ƙwai ne." Matarsa daga can ta yi tari irin na wanda ya ji ƙarya.

Na ce, "Baba, don Allah ku daina kawo wa Baffa abinci. Ba ya bukata."

Ransa ya ɓaci nan take. "Ba ya bukata? Da idona na ga wuyansa! Kai yaro ne, ba ka san komai ba. Shekarar da matata ta kwanta, wa ya ciyar da gidan nan? Mutumin da ya ɗauki garin nan a kansa, yau ya faɗi, sai mu tsallake shi mu wuce? Mun yi magana da mutane, kowa da ranarsa. Kuma mun hana kowa zuwa zaurensa neman ko ƙwaya ɗaya, kada a tona masa asiri. Mu mun saba da yunwa, ta san mu mun san ta. Shi bai iya ba, kashe shi za ta yi."

Ban taɓa jin nauyin rantsuwa irin na ranar ba. Na yi masa sallama na juyo, ina tafe ina share hawaye, ni da ƙwanjina da komai.

Ina isa gida na tarar da Hajiya a tsakar gida tana salati. Baffa ne jiri ya sake ɗiba, yana zaune jingine da bango, yana cewa hannunsa na hagu ya yi nauyi. Muka sa shi a a-kori-kura sai asibiti. Allah ya taƙaita, ba shanyewar ba ce, amma likita ya ce gargaɗi ne, kuma ba kullum ake samun gargaɗi ba. Ya tambaye shi me yake ci. Baffa ya ce rama. Likita ya dube ni, na dubi ƙasa.

A hanyar dawowa na gaya masa duk abin da na gani, tafasar da akurkin da maganar kowa da ranarsa. Na gaya masa dalilin da ya sa zaurensa ya yi shiru. Can ya ce, a hankali, "Wato rumbuna cike, mutane na kwana da yunwa don kada su kunyata ni. Ni kuma ina cinye musu kaji." Sannan ya ce, "Na warware maka rantsuwar. A'a, bari. Ni na ɗaura, ni zan kwance."

Ranar Juma'a bayan an sauko, dattawa sun taru a inuwar darbejiyar ƙofar gidansa kamar yadda suka saba, Baffa ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Jama'a, ina neman gafararku. Ban karye ba. Rumbunan nan cike suke, wanda yake shakka ya tashi ya leƙa. Ciwo ne da ni, irin na yayana. Likita ya ce ci ne ya yi min yawa. Ramar nan da kuka gani, da gangan nake yin ta, yaron nan ne yake sa ni. Tafiyar ma magani ce. Kunya ce ta hana ni faɗa, don ban san yadda zan dubi mai jin yunwa in ce masa ƙoshi zai kashe ni ba."

Idanu suka juyo kaina gaba ɗaya, na ji kamar in nutse. Tsohon nan mai tambayar ƙarfe ya ce, "Au, wato sana'ar taka ke nan? Ramar da mutane? Ai da ka tambaye mu, bana kyauta ake yin ta."

Aka ɗan yi dariya, amma aminin bai yi ba. Ya miƙe tsaye, siririn mutum. Ya nuna Baffa da yatsa.

"Kai! Wato lafiyarka ƙalau ka zauna ka cinye min kaza?"

Baffa ya ce, "Ba lafiya ƙalau ba, mutumina, ai na ce maka..."

"Har ƙashi! Ina kallo kana taunawa ina cewa Allah sarki, yunwa ba ta da kyau! Har kuka na yi maka!"

Nan fa wuri ya ɓarke. Wani ya ce shi ma a biya shi dambunsa, wani ya ce furarsa da sukarin bashi. Liman yana dariya har rawaninsa ya kwance. Baffa ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa na girgiza, ban sani ba ko dariya yake ko kuka, ina jin duka biyun ne.

Da aka lafa, aminin ya zauna ya ce, "To ji nan. In ƙoshi ne ciwonka, ai kana zaune a tsakiyar masu magani. Abin da likita ya hana ka, turo mana shi mu raba maka ciwon. Kuma ba aike ba. Tunda ka ce tafiya magani ce, da ƙafarka za ka kawo. Gidana ne na ƙarshe, can bayan fadama, ka sani. Sai ka biya kazata da gumi."

Baffa ya ce, "Na ji, na karɓa."

A yammacin aka buɗe rumbu na farko. Ba zan ce muku Baffa ya kawar da yunwa daga garinmu ba, shekarar ta yi tsanani, an sha wuya har sabon gero ya nuna. Amma daga ranar ba a sake ganinsa yana ɓuya a gonar kowa ba. Kullum da la'asar sakaliya zai fito da babbar rigarsa, ƙullin hatsi ko samira a hannu, ya bi burtali gida-gida. Yanzu in an ce "Alhaji, ina zuwa?" yana da amsa, "Zan kai ciyayya." Tafiyar da nake lallaɓa shi ya yi kaɗan yana tsine-tsine, sai ga shi yana ninka ta ba wanda ya sa shi, don in ya tsallake gida ɗaya gobe sai an yi masa ƙorafi. Hajiya ta ci gaba da girkinta da man shanu yadda take so, sai dai yanzu a cikin wasu yake sauka, ta kuwa samu masu yaba mata fiye da da. Garin da ya haɗa kai ya yi masa ɗura shi ya koma yi masa gadi. In ya miƙa hannu wajen tsire a kasuwa, mai tsiren da kansa zai ce, "Alhaji, a'a. Sai na gaya wa mai ƙarfe."

Ni kuwa a nan sana'ata ta tashi. 'Yan kasuwa abokan Baffa, masu irin tumbinsa da irin ciwonsa, suka fara aiko min a asirce, kowa yana cewa kada kowa ya ji. Daga su na koma Kano da ƙafar dama, daga nan aka zo bidiyo, aka zo littafi. Abin da na koya a shekarar nan bai taɓa barina ba. A birni an koya min auna abinci da ƙirga motsi, amma ba wanda ya gaya min cewa jikin mutum ba nasa ne shi kaɗai ba, akwai masu kallonsa suna karanta halin da yake ciki, akwai masu hana cikinsu saboda shi. Shi ya sa har yau in mutum ya zo wurina ya ce zai rage ci, bayan na tambaye shi me yake ci, sai in tambaye shi wa zai ba wanda ya rage.

Baffa yana nan da ransa, ya tsufa, yana shan maganinsa, ba a taɓa juya shi a kan tabarma ba. In na je gida yakan nuna ni ga baƙi ya ce, "Ga yaron da ya cinye min tumbi." Aminin nasa ne ya riga shi tafiya. Baffa ya saya masa kaji sun fi a ƙirga a tsawon shekarun nan, amma har ya koma ga Allah bai taɓa yarda an biya shi ba, kullum cewa yake waccan ta fi su ƙiba.

Zuwana na ƙarshe, da la'asar na ga Baffa ya ɗauki samira da sandarsa zai fita. Na ce, "Baffa, gidan bayan fadama ya yi maka nisa yanzu, kawo in kai wa iyalin aminin naka a babur."

Ya riƙe samirar gam, ya ce, "Da ƙafata ya ce. Matsa min, ɗan nan, ban gama biyan kazar ba."